Fuskar Baba a Sabon Gari

Da asuba muka tashi daga Saminaka, ni da yayata, da hoton Baba a cikin leda. Shi kaɗai ne hotonsa da ya rage mana, kuma yoyon damina ya cinye fuskar, sai hula da babbar riga. Ranar Lahadi za a yi addu'ar tunawa da shi a coci, Mama kuwa ta ce ba ta son komai sai ta sake ganin fuskar mijinta. An ce mana akwai mai zane a Samaru da zai iya.

Jama'a, hanyar Pambegua horo ce. Direba ya kauce wa wannan rami ya faɗa wanda ya fi shi. Kuɗin mota ya ƙaru, ramukan ma ba a bar su a baya ba. Kafin mu shiga Zariya bayana ya gama tsami.

A Samaru muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan duk sun ƙanƙance kamar goro. Sai cigiya. Mai aski ya nuna mana allonsa, kawuna iri-iri cikin ja da rawaya har suna kashe ido. Mai keke napep ya ce a'a, wanda muke nema shi ya zana zakin da ke bayan kekensa. Wata ɗalibar jami'a kuma ta kai mu rumfar mai shayi, inda aka zana kasuwa guda da gawayi da jar ƙasa kawai. Na saki baki ina kallo har yayata ta ja hannuna. A ganina masu zane uku ke nan, kuma ko ɗaya ba mu gani ba. Raina ya ɓaci, na ce mu koma gida. Yayata ta yi kamar ba ta ji ba.

Da la'asar, ƙafa duk taɓo, cigiya ta kai mu ga mai zanen a Sabon Gari, yana zana makiyayi da tumaki a bangon wani coci da launi mai sanyi. Dattijo ne siriri. Ashe duk aikin nan nasa ne. Bai taɓa zama a aji don zane ba, a jikin manyan motoci ya koya, kuma ba ya sa sunansa.

"Kowane bango da abin da yake so," in ji shi.

Ya duba hoton, ya girgiza kai. "Wa ya fi kama da shi a gidanku?"

Yayata ta nuna ni.

"To ɗana, zauna nan. Kada ka gyara fuska."

Haka na zauna a kan bokitin fenti, ga yunwa ga ciwon baya, yayata tana faɗa masa inda furfura take da inda tsagar kumatu ta bi. Na so in yi murmushi don Baba ya fito da kyau, na kasa. Da na ga zanen gabana ya faɗi. Gajiyata kaf ya zuba a ciki, idanu a lumshe, kafaɗa a sake.

A unguwar Hanwa muka kwana don fenti ya bushe. Washegari duk hanya ina ta shirya haƙurin da zan ba Mama. Ta karɓa, ta daɗe tana kallo, sannan ta shafa kumatun da yatsa.

"Haka yake shigowa daga gona," ta ce. Ta sassauta murya. "Sannu da aiki, Maigida."

Na fita waje don kada ta ga hawayena. Ban ƙara zagin hanyar Pambegua ba. Ashe ramukanta ne suka ƙarasa mana zanen.