Jan Babur da Aka Bar Min Ajiya

Ni mutum ne marar zama wuri ɗaya, sai kuma Allah ya ba ni sana'ar zama. Taki nake sayarwa a Funtua, da iri da maganin feshi. Da damina shago ba masaka tsinke, amma da an shiga kaka, manoma suka koma karyar masara da yankan shinkafa, sai in wuni ina kallon motocin hatsi suna wucewa, ƙafata tana rawa a ƙarƙashin benci. A irin wannan lokacin ne abokina ya zo gari da babur ɗinsa.

Iyayen abokin nan nawa 'yan ƙabilar Ibo ne, kasuwanci ya kawo su, amma shi a Funtua aka haife shi, layi ɗaya da gidanmu ta wajen tashar jirgi. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Shi coci yake zuwa ni masallaci, kuma tare muka cinye naman layya da shinkafar Kirsimeti na shekaru masu yawa. Daga baya ya koma Abuja, harkar gine-gine ta karɓe shi, ya kamu da son manyan babura. Mahaifiyarsa tana nan tana sayar da kwanuka a kasuwa, ita yake zuwa dubawa.

A bayan mota aka sauke babur ɗin. Ƙirar Italiya ne, ja wur kamar tattasai. Silinda biyu gare shi, ɗaya a kwance tana kallon tayar gaba, ɗaya a tsaye a ƙarƙashin kujera. Faɗin tayar baya ya kusa na ƙaramar mota. Abokina ya dinga zagaya shi yana nuna min abubuwan da ya canza da kansa: salansar hayaƙi ta wani baƙin abu marar nauyi, shokozoba mai ruwan zinariya, birkin da yatsa ɗaya ya ishe shi. Ta gefen dama murfin kuloci a buɗe yake, kana hango kayan ciki. Da ya tayar da shi, ban da gurnanin da na ji har cikin ƙirjina, sai ga wata ƙara daga wannan gefen, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana girgizawa. Na tambaye shi ko lafiya. Ya yi dariya ya ce haka aka ƙera shi, ya shiga yi min bayani. Gaskiya ban saurara ba. Hannuna yana kan tanki, hankalina ya riga ya kama hanya.

Kwana biyu da zuwansa aka aiko cewa yayan mahaifiyarsa ya rasu a can garinsu, dole ya kai ta, kuma jana'izarsu ba ta kwana ɗaya ba ce. Ya turo babur ɗin har cikin zaurena, ya danƙa min makulli.

"Ka hau son ranka, ka faɗi da shi ma in ka ga dama," ya ce. "Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka bari wani bakanike ya sa masa hannu."

Na ce ya ɗauka an gama.

Satin farko ban san inda kaina yake ba. Ina idar da sallar azahar zan ja ƙofar shago in ɗauki hanyar Malumfashi. Babur ɗin ba ya son tafiyar cikin gari, zafi yake yi yana fizga, amma da na wuce Bakori na ba shi wuta sai ya natsu. Gonakin dawa suna wucewa gefe da gefe, ina kaucewa shanyar masara da waken suya da aka baza a bakin kwalta. Shekara arba'in da ɗoriya ina hawan baburan da sai ka lallashe su suke hawa gada, yau ga wanda ni nake roƙonsa ya sassauta. Na ji daɗi ƙwarai, na kuma ji haushin shekarun da na ɓata a kan benci.

Ƙarar nan ce ta hana ni sakat. Duk inda na tsaya sai an taru. A gidan mai 'yan acaba suka kewaye ni, kowa da fatawarsa. Wani ya ce wani abu ya kwance a ciki, wani ya ce injin na dab da bugawa. Wani dattijo a Malumfashi ya girgiza kai ya ce abu mai kyau haka, amma an bar shi da ciwo. Da farko ina cewa haka aka ƙera shi. Da aka yi ta faɗa sai na fara kasa kunne ni ma, kullum sai in ji kamar ƙarar ta fi ta jiya. Na fara zargin kaina ko gudun da nake yi ne ya ja.

Ga kuma tarbiyyar gidanmu. Mahaifina bai yarda a mayar da kayan aro yadda aka karɓo shi ba. In ka ari fartanya ka wasa ta, in ka ari keke ka mayar da shi da iska a taya da mai a sarƙa. Mayar da abu yana kuka, wannan a wurinmu abin kunya ne. Na riƙa ce wa kaina ai gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma dubawa kawai za a yi.

Akwai wani bakanike da na sani tun ina saurayi, dattijo ne mai gaskiya, wanda da kunne kawai yake gane ciwon babur. Na kai masa da hantsi. Ya durƙusa ya saurara, ya ja hannun kuloci ya saki, ya sake ja. Ya ce ƙarfe ne ke cin ƙarfe, wurin ya bushe ƙamas, shi kuma tunda yake bai taɓa ganin kulocin da ba ya iyo cikin mai ba. Maganar abokina ta faɗo min a rai, amma na bar shi ya ci gaba, don a ganina zuba mai ba kwance inji ba ne. Ya ɗauko baƙin mai a 'yar buta ya tsiyaya ta buɗaɗɗen murfin, ya ja hannun kuloci, ya ƙara tsiyayawa. Ƙarar ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Mutanen garejin suka yi ta sa masa albarka, shi kuwa ko sisi ya ƙi karɓa.

Ban yi nisa ba na gane. Na murɗa totur, injin ya yi kururuwa, babur ɗin kuwa bai ƙara sauri ba. Na sake murɗawa, haka. Wani keke mai ƙafa uku ɗauke da buhunan masara ya wuce ni, direban yana leƙowa. Sai a lokacin wani guntun bayanin abokina ya dawo min, cewa wannan kulocin busasshe ne, farantansa ba sa shiri da mai ko kaɗan. Garin neman gira na rasa ido.

Na lallaɓa shi gida na rufe da tabarma. Kwana goma sha ɗaya suka rage abokina ya dawo, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu nauyinsu ba. In ina shago sai in ji dole in koma gida, in na koma in ɗaga tabarma in duba in mayar. Na goge murfin da tsumma da fetur har yana ƙyalli, kamar gogewar waje za ta kai ciki. Matata ta gaji da safa da marwata, ta ce in kira mutumin nan in faɗa masa in huta. Na ce ba a gaya wa mai zaman makoki irin wannan magana. Ƙarya nake, tsoro nake ji. Sau biyu ya bugo waya, sau biyu ina ce masa babur lafiya lau.

Ya dawo ranar wata Asabar da safe, sanye da rigar fata, da hular kwano biyu a hannu. Ya ce yau sai Kafur, shi zai ja a tafiya ni in ja a dawowa, mu ci tsire a can. Ya rame, amma fuskarsa cike da fara'a. Na turo babur ɗin waje, ya hau ya tayar.

Ya ɗan karkata kai. Ya ja hannun kuloci ya saki. Ya kashe injin.

"Wa ya taɓa shi?"

Ina da amsa a shirye tun kwana goma sha ɗaya, da bayanin mahaifina da na 'yan acaba da komai. Amma da na buɗe baki sai na ji na ce babu kowa.

Ya sauka ya durƙusa, ya zura yatsa ta cikin murfin, ya zaro shi baƙi ƙirin da mai. Ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya goge a wandonsa.

"Farantai ne fa," ya ce a hankali. "Ana sayar da su. Da ka ce min kai ne, da yanzu dariya nake maka."

Nan take na shiga zuba bayani, na faɗi komai, har da butar man. Ya saurara bai katse ni ba, ya ce ba komai, ya san da kyakkyawar niyya na yi. Ya kira mai mota, muka kama tare muka ɗora babur ɗin, ya ɗaure shi da igiya da kansa. Ya shiga ciki ya gaishe da matata, ya ba ta garin rogo da manja da mahaifiyarsa ta aiko.

Da zai shiga mota ya miƙo min hannu. Tun muna yawo ba wando sunayen tsokana muke kiran juna da su, waɗanda ba sa faɗuwa a gaban surukai. Ya riƙe hannuna kamar yadda ake riƙe na baƙo, ya ce, "To Malam, na gode. Sai wani jiƙon."