Irin Geron Gidanmu

A gidanmu idan ana maganar gado, gero ake fara ambata kafin gona. Zango ne, geron nan mai doguwar zangarniya, wanda kakana ya bar wa Baba. Baba yana da yadda yake gane nasa. Sai ya kafa gindin zangarniyar a hammatarsa ya miƙe hannu. In kanta ya wuce yatsunsa, to namu ne.

Duk kaka, kafin a ɗaure dami ko a fitar da zakka, Baba kan bi gona shi kaɗai ya zaɓi zangarkun da suka fi cika. Inna ta rataye su a madafa, inda hayaƙi ke kore musu ƙwari. Iri ke nan. Kuma Baba yana da doka ɗaya a kansa: iri ba a sayar da shi, ba a kuma hana wanda ya roƙa. Inna ba ta taɓa son dokar nan ba. Takan ce, "Kai dai, Malam, wata rana rigar wuyanka za ka bayar." Shi kuwa sai ya yi kamar da bango take.

Baba mutumin binne ne, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Da bazara ta yi nisa sai ya saɓi sungumi, yana sara muna bin sa muna zuba iri muna rufewa da dunduniya. Ran da ruwan farko ya faɗi, sauran mutane na neman sungumi, namu ya riga ya kama hanya. Haka ubansa ya yi, kuma ina yaro ban taɓa ganin abin ya ba shi kunya ba.

A hankali damina ta sake hali. Sai a yi ruwa ɗaya mai daɗi, ƙasa ta yi ƙamshi, daga nan sama ta ɗauke kai kamar ba ta san mu ba. Tafkin bayan gari da muke wanka a cikinsa har bayan girbi ya koma ƙafewa tun gero na tsaye. Kowa ya ga haka, Baba ma ya gani, amma taurin kai shi ma gadonmu ne.

A farkon shekarun da aka kafa shari'ar Musulunci, ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Mai'adua, wata malamar jami'a mai binciken yanayi ta zo. Ta kafa wani gwangwani mai baki kamar mazurari a filin makaranta, don auna ruwan da ya sauka. Lokacin ana ta wa'azi a kan bokaye da 'yan duba, don haka nan da nan magana ta zaga gari cewa ga wata ta zo tana faɗin ranar da za a yi ruwa. Baba ba ya son jita-jita. Ya ce in kawo masa ita zaure.

Bayan sun gaisa ya ce, "Ɗiyata, an ce kina sanin gaibu."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya tsare ni, Baba. In kun ga hadari ya haɗo daga gabas, ai kukan ce a kwashe shanya. To irin wannan ne, sai dai mu muna duba ruwan shekaru masu yawa a garuruwa masu yawa. Wani lokacin ma mu yi kuskure."

Wannan "mu yi kuskure" ita ta saye Baba. Suka yi ta hira har la'asar. Ta ga zangarniya ɗaya jingine a zaure, ta tambaya, aka ba ta tarihin kakana kaf. Da za ta tafi ta ce ko zai sam mata kaɗan su shuka a gonar gwajinsu. Shekarar irin bai da yawa, don daminar baya ba ta yi kyau ba. Baba ya shiga madafa da kansa ya kwanto mata. Ina jin Inna tana cewa, "Yanzu har da 'yan boko? Me za ta yi da shi, ado?"

Kafin ta hau mota ta ce, "Baba, don Allah bana kada ku yi binne. Abin da muke gani, ruwan farko yanzu yakan yaudari mutum. Ku jira ya zauna."

Baba ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Duk wanda ya san shi ya san ma'anar wannan ita ce a'a.

Na yi masa magana, na sake yi, har muryata ta fi yadda ya kamata ɗa ya yi wa ubansa. Ya ce da ni boko ya shiga kaina. Ya yi binnensa. Ruwa ya zo daidai wanda zai ta da iri, gona ta yi kore shar, sannan shiru. Muka fita sallar roƙon ruwa da riguna a juye. Kafin ruwa ya dawo yabanya ta ƙone. Baba ya kwanto ragowar da ke madafa ya sake shukawa, amma lokaci ya ƙure, zango kuwa ba ya son gaggawa. Ruwa ya ɗauke yana cikin bununi. Muka girbe dogayen zangarku masu kyan gani, ba ƙwaya a jikinsu.

Na ɗauka sake samo irin zangonmu zai yi sauƙi, tunda rabin garin sun taɓa karɓar iri a hannun Baba. Ashe duk sun koma gajeren gero mai saurin nuna, wanda ya rage a hannunsu kuma ya gauraye. Na hau babur na wuce Kongolam zuwa wajen danginmu na tsallaken iyaka, na dawo da abin da suka ce zango ne. Baba ya kafa a hammata. Ko wuyan hannunsa bai kai ba. Ya ajiye a hankali ya ce, "Sannu da hanya."

Bai yi wa kowa ƙorafi ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Damina ta zagayo muka shuka gajeren gero kamar kowa, aka kuwa samu abinci. Amma na sha ganin Baba ya leƙa madafa ya ɗaga kai wajen da babu komai sai igiya, ya juya ya fita. Tausayinsa ya hana ni in ce ai na faɗa.

Da bazara malamar ta dawo duba gwangwaninta, ta tambaye ni Baba. Na gaya mata komai. Ta ce, "Allah sarki." Ban sa rai da komai ba. Bayan 'yan makonni sai ga ta da wani dogon ƙunshi a bayan mota. Ashe sun shuka wanda aka ba ta a keɓe, nesa da kowane gero, ya kuma yi.

A zaure ta kwance shi gaban Baba. Ya daɗe yana kallo bai taɓa ba. Can ya ɗauki ɗaya, ya kafa a hammata, ya miƙe hannu. Kan ya wuce yatsunsa. Ya ce, "Shi ne." Sai ya sake cewa, "Shi ne, ɗiyata." Inna na bayan ƙofa tana share ido da bakin zane. Ranar da hannunta ta dama wa malamar fura, ta kuma tsaya a kanta sai da ta shanye.

Malamar ta ce, "Amma Baba, bana za ku jira?"

Ya ce, "Zan jira."

Ban taɓa ganin abin da ya wahalar da shi kamar jiran nan ba. Ruwan farko ya sauka, yana zaune a bakin zaure da sungumi a kan cinya, yana ta gyara ƙotar da ba abin da ya same ta. Sai da aka faɗa a rediyo cewa damina ta zauna a yankinmu, sannan ya shuka zangon a kwarin gona inda laima ke daɗewa, sauran wurin kuma gajeren gero. Da kaka ya zaɓi iri ya raba biyu. Inna ce ta ɗaure rabin ta miƙo mini ta ce, "Kai wa malamar nan, ta ajiye mana."

Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan shuka 'yan layuka a kwarin nan, kuma ina jira kamar yadda ya koyi jira da tsufansa. Na san zangarkun yanzu ba su kai na da ba, ruwan bai isa. Amma ranar girbi nakan kafa ɗaya a hammata in miƙe hannu, kuma har yau tana wuce yatsuna, don hannuna bai kai na Baba tsawo ba.