Mai Askin da Ke Zuwa Lokacin Dubiya

Idan lokacin dubiya ya yi a asibitin da nake aikin jinya, mai gadi yakan buɗe ƙofar ɗakin maza, mutane su kwararo da kuloli da ledoji, kowa yana waige-waigen nasa. A cikinsu Baba Mai Aski yake shigowa, da ƙaramin akwatin ƙarfe a hannu da tawul a kafaɗa. Ba ya tsayawa a gadajen bakin ƙofa, inda ake zuba abinci ana hira. Can ƙuryar ɗaki yake nufa, wajen gadajen da muke kwantar da waɗanda jinyarsu ta yi tsawo har danginsu suka gaji. Mutanen ƙuryar nan, da sun ji an buɗe ƙofa, sai su juya su fuskanci bango. Baba yakan ajiye akwatinsa, ya taɓa kafaɗar na farko, ya ce, "Maigida, a tashi, baƙo ya zo."

Shagonsa yana bayan asibiti, kujera ɗaya da madubi mai tsaga. Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki, shi ya ɗauki kansa, tun kafin a kawo ni wurin. Ni kuwa ba na son a cika mini ɗaki da gashi ana tsakiyar hayaniya, don haka wata rana na tare shi.

"Baba, don Allah ka riƙa zuwa da safe mana. Ɗaki shiru, ga haske, ba mai bangaje ka."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, da safe ai kowa shi kaɗai ne. Da yamma ne ake sanin wanda ba shi da kowa."

Ban sake tayar da zancen ba. Da ya gama, ni na kawo tsintsiya.

Abin da ya fi taɓa ni a aikinsa shi ne tambayar da yake fara yi. Mutumin da ya daɗe ba a nemi ra'ayinsa a kan komai ba, sai dai a juya shi, a yi masa allura, a sauya masa zanen gado, shi Baba zai durƙusa wa ya ce, "Wane iri za a yi yau? A kwashe duka ko a bar na gayu?" Ya jira amsa, ko da bakin mutumin ya karkace, ko da sai an kasa kunne sosai. In ya gama ya riƙe masa madubi, ya ce, "Kai, wannan ango, a yi hattara da ma'aikatan nan." Na ga tsofaffin da suka manta da dariya sun yi ta a ƙarƙashin tawul ɗinsa.

Mutane sukan ɗauka mai irin wannan hali daga gida mai cike da murna yake fitowa. Na Baba ba haka yake ba. Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya. Ɗansu tilo ya tafi neman aiki nesa, da fari yana kira, daga baya sai saƙo, daga baya shiru. 'Yan ikkilisiyarsu sun yi ƙoƙari a makonnin farko, suna zuwa da waƙa da addu'a, sannan kowa ya koma hidimarsa, kamar yadda muke yi duka. Mai shararmu ta ce ta sha ganinsa a kan bencin baranda kafin a buɗe ƙofa, akwati a cinya, hawaye yana bin fuskarsa. Da ya ji motsin makulli sai ya goge da tawul ɗin askin, ya miƙe.

A cikin mutanen ƙurya akwai wanda muke kira Direba. Babbar mota yake ja kafin shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi. 'Ya'yansa suka kawo shi, suka ce za su je su dawo, har yau ko ƙeyarsu ba mu gani ba. Bakinsa kuwa bai shanye ba ko kaɗan. In masu wa'azi suka zo suka ce masa Ubangiji yana tare da shi, sai ya ce su duba ƙarƙashin gado ko yana can. Ina gyara ƙarin ruwan maƙwabcinsa ranar da Direba ya tare Baba, kumfa a haɓarsa.

"Kai mai aski, an ce kullum kana majami'a. To ina Allahn naka yake? Na yi masa waƙa tun ina yaro, ga inda ya ajiye ni."

Baba bai daina goga reza ba. Ya ce, "Ni ma tambayar da nake yi masa ke nan."

Direba ya ce, "Kai ma?"

"Ni ma. Ina durƙusawa, in yi magana, in ji kamar da rufin ɗaki nake yi. Amma Yesu kansa ya yi wannan kukan a kan gicciye, cewa an yashe shi, kuma Uban ba mugu ba ne a ranar. Ɗaga haɓarka."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ban ce amsa ce ba. Da wannan maganar nake tashi da safe, shi ke nan. Ka daina motsi kar in cire maka kunne."

Direba ya yi tsaki, amma ya ɗaga haɓar. Daga ranar suka zama abokan faɗa. Baba yakan ce masa ya gwada addu'a ko da ta masifa ce, shi kuwa ya ce ya rufe wannan shafin.

Baba, kai ne ba ka taɓa yi wa majinyaci alkawarin da Allah bai yi masa ba. Ba ka ce wa kowa gobe zai tashi da ƙafarsa ba. Kai ne ka zo da naka ciwon a lulluɓe, ka zauna kusa da na wasu, ka riƙe nagartar Ubangiji a lokacin da kai kanka ba ka jin ɗuminta. Na ji wa'azi da yawa a rayuwata, kaɗan ne suka kai zuwanka nauyi.

A bana hannunsa ya fara rawa. Da fari yana ɓoyewa, yana dafe gwiwar hannu da ɗayan. Rannan reza ta zame ta yanki Direba a kumatu. Yankan bai kai a kawo auduga biyu ba, Direba ma dariya ya yi, ya ce ai ya sha haɗarin da ya fi wannan. Amma Baba ya tsaya yana kallon jinin. Ya wanke rezar, ya naɗe tawul, ya ce mini, "'Yata, an karɓe wannan ma." Bai sake zuwa ba, shagon ma ya rufe.

Da na ga shirun ya yi yawa, na tambayi hanya na je gidansa bayan na tashi aiki. Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon gidan haya. Gado, kujera, hoton matarsa, da waya a kan tebur an jona ta a caji. Na same shi zaune, gemu ya cika masa fuska, fari fat, ba gyara. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara fuskokin mutane, yau ba ya iya riƙe reza ya gyara tasa. Zuciyata ta karye, na kasa ɓoyewa.

Na ce, "Baba, har yanzu kana cewa Allah nagari ne?"

Ya ce, "Na roƙe shi matata, bai bar mini ita ba. Na roƙe shi yarona, shiru. Hannun nan kaɗai ya rage, shi ma ga shi. Ba zan yi masa ƙarya in ce ina jin daɗi ba, ya san ba na ji. Amma wanda ya ba da Ɗansa saboda ni, ba zan kira shi mugu don ya yi mini shiru ba. Ban san abin da yake yi ba, 'yata. Halinsa kawai na sani."

Sai na isar da saƙon da aka ba ni. Direba ya hana kowa taɓa masa gashi, kuma da zan fito ya kira ni ya ce, "Ki gaya wa tsohon nan na yi addu'ar da yake damuna da ita. Kar ya yi murna, ba don kaina na yi ba, shi na yi wa."

Baba ya ce, "Direba? Mai bakin nan?" Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, ya rufe fuska da hannuwansa masu rawa. Na zauna har ya gama.

Mun gode, Baba Mai Aski. Mutanen ƙurya sun gode, har da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya da fuska a gyare saboda kai. Ubangijin da ka ƙi zagi cikin duhu ya tuna da kai. Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya aski ba. Akwai gadon da ba a zuwa wajensa a asibitin da ya fi kusa da ku, akwai kuma tsoho a layinku da kuka daina gani a sujada ba ku tambaya ba. Ku je, ko ba ku da abin faɗa.

Da zan tafi na kama ƙofarsa zan ja masa ita, sai ya ɗaga hannu.

"Bar ta a buɗe, 'yata," in ji shi. "Ko wani zai zo wucewa ya yi sallama."