Shekarar da Na Tsare Ƙofar Zangon Alhazai

Shekarun baya da yawa, tun jiragen alhazai suna sauka a tsohon filin jirgi na cikin Jidda, na taɓa yin aikin tsaron ƙofa na lokacin hajji guda. Mutane da yawa da suka san ni yanzu ba su san wannan ba, kuma gaskiya ba son aikin ne ya kai ni ba. Mahaifiyata ce ta tura ni.

Ni a Sa'alaba, wata unguwa ta Jidda, aka haife ni. Iyayena a ƙafa suka taso daga wani ƙauye na ƙasar Gumel, suka yi shekaru a hanya ta Sudan suna noman ƙwadago, har suka tsallako teku. Da za su taso, akwai ɗansu na fari, yaro ne da bai daɗe da yaye ba. Kakarsa ta ce ba za a kai mata jika cikin daji ba, a bar mata shi, ai shekara biyu ce a je a dawo. Ba a koma ba. Mahaifina ya rasu a nan, ni kuma na tashi da sanin cewa ina da yaya a wani wuri da ban taɓa gani ba. Sunansa ma daga bakin mahaifina na ji, don mahaifiyata ba ta faɗa. Sai dai ta ce "yaron nan", yaron da a lokacin ya haura arba'in.

To wata shekara wani alhaji ɗan yankinsu ya biyo ta unguwarmu sayen tsaraba, hira ta kai ga hira, ya ce ai ya san yaron nan, manomi ne mai iyali, kuma yana shirin sauke farali baɗi. Tun daga ranar mahaifiyata ta daina barci kamar mutane. Ta ce mini, "Kai da kake zaune a garejin nan kana miƙa wa mutane sifana, ka je ka nemi aikin ƙofar zangon alhazai. Duk wanda ya sauka ta nan zai bi."

Ina da aboki, ɗan Hausawan Sudan, da yake yin wannan aikin kowace shekara. Shi ya kai ni wajen shugaban masu gadi, wani dattijo mai jan gemu, ya rantse masa cewa ina jin Hausa kamar a Kano aka yanke mini cibi. Dattijon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Aikin na lokacin hajji ne kawai, jirgin ƙarshe ya tashi, halas, an gama. Ba a barin ƙofa, ba a fitar da alhaji sai da izinin wakilinsa. Ka ji?" Na ce na ji. Aka ɗaura mini ƙyalle a dantse, aka ba ni usur, na dawo gida ina tafiya kamar an ba ni sarautar gari.

Ranar farko alhazai suka sauke mini wannan girman kai. Na ce wa wata hajiya, "Yalla ya hajja, ki shiga juwwa, ki ajiye afashinki," ina nufin ta shiga ciki ta ajiye kaya. Ta juya ta ce wa 'yar'uwarta, "Ji wannan, fuska ta gida, baki na Larabawa." Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Haka na ƙare lokacin ana kirana Bahaushen roba, ni kuma ina amsawa.

Aikin kansa ba wuya gare shi ba, sai tsayuwa. Rana ta Jidda ta dafa ka, gumi ya jiƙa riga, ga masu canji da 'yan dako da masu sayar da ruwa kowa yana so ya kutsa. Ni kuwa duk ayarin da ya sauko daga mota, kafin su gama kwance ƙullin kaya na fara tambaya, "Akwai mutanen Gumel?" In an ce akwai, in faɗi sunan ƙauye, in faɗi sunan yayana da na mahaifinmu. Wasu su ce ba su sani ba. Wani ya ce ya san mai sunan amma makaho ne. Wani tsoho ya riƙe ni da labarin gonarsa har na manta abin da na tambaya.

Kullum na koma gida, mahaifiyata ba ta tambaya. Ta ajiye mini abinci, ta zauna tana ɓarar gyaɗar da take sayarwa, tana sauraron yadda na cire takalmi. Idan na yi shiru ta gane, sai ta ce, "Allah ya kai mu gobe."

Aka gama sauka, kowa ya wuce Makka, ban same shi ba. Aka yi Arfa, aka yi salla, alhazai suka fara dawowa zangon suna jiran jiragen komawa. Zangon ya fara raguwa, ana naɗe tabarmi, ni kuma na fara fid da rai, don ƙarfin mahaifiyata ya fara ƙarewa, kuma na san ba kowa ke zuwa hajji sau biyu ba.

Wata safiya wani mutum ya zo bakin ƙofa yana roƙo in bar shi ya fita. Dogo, baƙi, da zane a kumatu, riƙe da buta. Na ce masa sai da izini. Ya ce, "Don Allah ɗan samari, tun da na zo nake neman wata tsohuwa, an ce mini tana garin nan, ga shi gobe za mu tashi." Na tambayi ƙauyensu, ya faɗa. Na tambayi sunan mahaifinsa, ya faɗi sunan mahaifina. Ban san lokacin da na rungume shi ba, buta ta faɗi, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam yana mamakin abin da ya sami mai gadi, sai da na ce masa ni ƙanensa ne.

Abokina ya karɓe mini ƙofa, wakilinsu ya ce in dawo da shi kafin magariba. Na aika wani ɗan dako ya riga mu gida da labari. A mota ina ta zuba surutu, ina cewa yau Sa'alaba za ta ji guɗa.

Da muka shiga, mun tarar ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ƙamshin miyar kuka ya cika gidan, kukar da take ɓoyewa tun bara. Ita kuma tana zaune a ƙurya, ta juya fuska bango, ta ja mayafi har goshi. Yayana ya cire takalmi ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce, "Iya, ina wuni." Ta ce da ni, "Ka ce masa lafiya lau. Ka ce ya sha ruwa."

Na ɗauka kuka ne ya hana ta juyowa, na ba ta lokaci. Amma haka aka ci gaba. "Ka tambaye shi kakarsa." Ya ce ta rasu tun shekarar fari. "Ka tambaye shi ƙannena." Ya lissafa mata, wannan ya rasu, wannan ya rasu, ƙaramar tana nan amma ba ta gani. Ina kallon bayanta yana rawa, muryarta kuwa ba ta canza ba. "Ka ce ya ƙara tuwo, ai hanya ce a gabansa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ya ummi, haram alaiki, wannan bai dace ba! Shekara nawa kina jiransa? Ki juyo ki dube shi mana!"

Yayana ne ya daka mini tsawa, karo na farko kuma na ƙarshe. "Kai, rufe mana baki. Ɗan fari ne ni. Haka ake yi." Sannan ya mayar da kai ƙasa ya ci gaba da cin tuwonsa, yana ba ta labarin rijiyar ƙofar gidansu da 'ya'yansa, har da wadda ya sa wa sunanta, duk yana kallon tabarma. Ni na san ana kunyar ɗan fari, na sha ji a bakin tsofaffin unguwa, amma na ɗauka irin abin nan ne da tafiya mai nisa take kankarewa.

La'asar ta yi sanyi, dole muka tashi. Ya durƙusa ya ce ta yafe masa. Ta ce, "Ka ce masa bai yi mini komai ba. Ka ce ni zai yafe wa." Ta turo ƙullin gyaɗa da hannu ta baya, ba ta waiwayo ba.

A mota ya ce mini, "Kada ka ga laifinta. Tsorona a hanya shi ne in zo in tarar ta manta, ta tare ni kamar baƙo. Yau na san har yanzu ni ne ɗan farinta." Ya faɗi haka yana murmushi, sannan ya juya wajen taga, ya ja hular kansa ya rufe ido da ita har muka isa zangon. Washegari ni na buɗe musu ƙofa suka hau motar filin jirgi. Bai sake zuwa ba.

Har yau ban yanke wa abin hukunci ba. Wani lokaci in ga mutunci ne irin nasu da ni ban kai in fahimta ba, wani lokaci kuma in ji haushi ya taso mini sabo, yanzu da na girmi shekarun da take da su a ranar. Abin da na tabbata shi ne abin ya yi mata ciwo fiye da yadda ya yi mini.

Domin da na dawo gida bayan jirginsu ya tashi, na same ta a inda ya zauna jiya, ba ta naɗe tabarmar ba. Ta ce in zauna. Ta daɗe tana murza gefen mayafinta, sannan ta ce a hankali, "Yaron nan, yaya kamanninsa? Dogo ne?"

Na ce dogo ne. Ta ce, "Baƙi ko fari?" Na faɗa mata. Ta tambayi haƙoransa, ta tambaya ko ya fara furfura. Shekara ɗaya da 'yan watanni ta ƙara a duniya, kuma da wuya mako ya wuce ba ta sa na sake faɗa mata ba. Ni da na gan shi na wuni guda, ni nake zama ina kwatanta mata ɗan da ta haifa.