Neman Mai Kwance Murfin Tocila, Daga 'Yankuzo Zuwa Bungudu

'Yankuzo zuwa Tsafe

Na idar da sallar asuba da tocilar a aljihu, amma ban fita ba sai da gari ya waye sarai, don yanzu ba mai hawa hanyarmu da duhu. Maiɗakina Hajara ta rako ni zaure tana cewa, "Malam, in ta ƙi buɗuwa ka dawo, kar ka kwana a hanya."

Kajinmu huɗu ne ke kwance a kan ƙwan zabi, rabi namu, rabi na maƙwabta da suka ba mu amana. Ɓawon ƙwan zabo kauri gare shi, fitilar waya ba ta ratsa shi. Wannan tocilar ƙarfe da yayana ya kawo mini daga aikin Hajji ita kaɗai ke nuna mini mai rai da baragurbi, kuma baragurbi in ya fashe a ƙarƙashin kaza sai ya ɓata na kusa da shi. To, batir ya zubar da ruwa a cikinta, murfin gindin ya cije.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a Tsafe da hantsi. Wani bakanike ya juya ta, ya ɗauko filaya da guduma.

"Tsaya! Me za ka yi?"

"Bugu ɗaya za ta buɗe."

"Ta buɗe, ta kuma rufu?"

Ya yi dariya ya ce wannan kam sai Allah. Na karɓi abata.

Gusau

Motar Gusau ta cika da buhunan masara da mu. A shinge na biyu wani jami'i ya ga abu ya yi tudu a aljihuna, ya ce in fito da shi. Ya danna, ba wuta. Ya gwada murɗawa har jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya miƙo mini ya ce, "Baba, Allah ya ba da sa'a."

A kasuwa masu gyaran waya suka ɗiga mata kananzir, ko gezau. Wani ya kawo mini sababbi, na kara tafin hannuna a kan kowace, ba wadda haskenta ya ratso. Mai shayin da na ci burodi a wurinsa ne ya ce, "Tahi Bungudu ka nemi Malam Ɗanjuma mai gyaran keken ɗinki. In wagga ta gagare shi, ka haƙura."

Azahar ta wuce. Na kira Hajara na ce kwana ya kama ni. Ta ce ƙwai ɗaya ya fashe a ƙarƙashin baƙar kaza. Na shiga motar Bungudu.

Bungudu

Na tarar da shagon a rufe, wai ya tafi gonarsa a Kekun Waje. Na zauna a dakali har la'asar sakaliya, sai ga wani dattijo a kan keke, da fartanya a baya. Ashe shi ne Malam Ɗanjuma. Muka gaisa, ya duba farin gishirin da ya daskare a bakin murfin.

"Ba tsatsa ba ce, ruwan batir ne. Mai ba ya cin shi, sai tsami."

Ya aika aka sayo lemon tsami, ya matse a gwangwani, ya tsoma gindin tocilar. Nan take ya fara kumfa. Ya ce sai ta kwana a ciki, ni kuma in kwana a zaurensa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka ci tare.

Da safe ya tsoma murfin a ruwan zafi, ya ƙwanƙwasa shi a hankali da ƙotar wuƙa, ya naɗe shi da robar tayar keke. Ya ce, "Riƙe jikin da hannu biyu. Za ni ƙara ɗaure murfin kaɗan tukuna, kar ka tsorata." Muka yi ta farko, shiru. Ta biyu, robar ta suɓuce. A ta uku na ji wani ɗan ƙas, murfin ya juya. Wallahi sai da na yi kabbara.

Ya zaro ruɓaɓɓen batirin, ya goge haƙoran murfin da tsohon buroshi, ya shafa musu man keke. Muka sa sabon batir, haske ya bugi bango da rana tsaka.

Gida

Na iso 'Yankuzo kafin la'asar. Ko ruwa ban sha ba muka shige ɗaki, Hajara ta toshe taga da zane. Tana miƙo ƙwai ina karawa a bakin tocila. Baragurbi tara muka fitar. A sauran kuwa ga jijiyoyi ja kamar saiwar gero, wani ma ɗan yana motsi.

Hajara ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabciyarmu kira: "Inna Rabi, zo ki ga naki da idonki!"

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Malam Ɗanjuma kuwa, da 'yan zabin suka ƙyanƙyashe suka yi ƙwari, na sa zabi biyu a kwando na ba direban Bungudu ya kai masa.