Mis Verlene a Bakin Ƙofar Ɗakin Tiyata

Kowace safiya da za a yi wa wani aikin tumbi a asibitinmu na New Orleans, kafin likita ya wanke hannu, Mis Verlene Batiste tana tsaye a bakin ƙofa da bokitin ƙanƙara. Ba ta yanka, ba ta ɗinki. Aikinta ta karɓi ɗan yankin tsiron ciwon daji da aka cire, ta ruga da shi ɗakin bincikenmu tun ƙwayoyinsa suna da rai. Shekara da shekaru tana wannan gudun, amma in ka tambayi manyan asibitin sunanta sai su kama sosa ƙeya. Abin yana ba ni haushi.

Ƙwayar jikin da ta lalace kan kashe kanta, haka aka halicce ta. Amma a wasu masu dajin tumbi akwai ƙwayar cuta ta Epstein-Barr da ke ɓuya a ciki, tana sakin 'yan guntayen saƙonni da ake kira microRNA, su toshe umarnin mutuwar. Sai lalatacciyar ƙwaya ta yi ta hayayyafa. Muna neman abin da zai rufe bakin saƙonnin nan, kuma gwajin yana buƙatar ƙwayoyi masu rai. Irin wannan dajin ba kullum yake zuwa hannunmu ba.

Matsalar ita ce watan Yuli, lokacin da sababbin likitoci ke fara aiki. An koya musu duk abin da aka cire a tsunduma shi cikin kwalbar ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, shi kuwa ruwan nan nan take yake kashe ƙwayoyi. Ba laifinsu ba ne, amma in ba wanda ya tsaya a kansu, shi ke nan.

To, wace rana hukuma ta zaɓa don walimar ritayarta? Ranar Yuli da za a yi wa Mista Ulysse Guidry aiki, wani mai kamun jatan lande wanda gwaji ya nuna yana da irin wannan dajin. Kafin aikin ya riƙe hannunta ya ce, "Mis Verlene, mahaifina ciki ne ya kashe shi, ga ni kuma. Ina da 'ya. Ku yi wani abu da naman nan, kar a zubar."

Ta ce, "Kwanta abinka, Mista Guidry. Sai dai su jefa ni cikin kwalbar tare da shi."

Mun jera kek da tukunyar gambo, miyar kuɓewar garinmu, a ɗakin bincike, Dakta Pellerin shugabanmu ya gyara murya zai yi jawabi, sai aka duba babu mai walima. Na same ta a inda kuka sani.

Na ce, "Haba Mis Verlene, mutane suna jiranki, abinci yana hucewa."

Ta ce, "Ɗana, gambo ana ɗumama shi. Matsa, kana tare mini ƙofa."

Aikin ya ja har la'asar. Ma'aikaciyar jinya Corinne ta shaida mana cewa sabon likitan har ya buɗe murfin kwalbar, sai ya ji murya daga ƙofa: "Likita, sannu da aiki. A yanko mini rabona tukuna." Da ta iso ɗakin bincike tana haki, jama'a sun watse, an cinye kek, Dakta Pellerin ya karanta jawabinsa ga kujerarta.

Mis Verlene, ke ce mai taurin kan da ya hana mu gode miki ko sau ɗaya yadda ya kamata. Ke ce kika cika wa mai kamun jatan lande alkawari da gwiwoyin da suka daɗe suna miki ciwo. Ƙwayoyin Mista Guidry suna nan da rai a wurinmu, muna gwaji a kansu, 'yarsa kuma takan bugo waya ta ji inda aka kwana. Mun gode, Mis Verlene, ko da kin ce ba kya so.

Hukuma kuwa ta ce ba za ta ɗauki wani a madadinta ba, wai za a manna sanarwa a bangon ɗakin tiyata. Sanarwa ba ta da baki, balle ƙafa. Ranar Litinin akwai wani aikin tumbi, ni zan je in tsaya. Abokan aiki da kuke karanta wannan, akwai wani aikin ranar Alhamis, kuma har yanzu ba wanda ya ce zai je.