Hannun Daman Baba

Shekarar da Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, duk ƙarshen mako ina kan hanya daga Tambuwal, inda nake koyarwa, zuwa ƙauyenmu kusa da Kebbe. Ƙafa ta dawo, baki ya saki, amma hannun dama ya ƙi. Likita bai ɓoye mana ba: in bai riƙa motsa shi ba, a haka zai bushe. Ya ba shi 'yar ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya dube ta, ya ce shi ba yaro ba ne, ya ba jikokinsa.

Ga shi ya ƙi cin tuwo da hagu a gaban mutane, ya ƙi miƙa wa kowa hagu a gaisa. Sai ya daina fita zaure, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tsoro ya kama ni sosai. Ni kuwa zuciyarsa na gado. In na matsa masa ya juya mini baya, in fita ina huci.

Wata rana bayan la'asar ruwa ya hana ni tafiya. Na zauna gefen tabarmarsa ina buga wani wasa a waya, don dai kada bakina ya ja mini. Wasu 'yan mitsi-mitsin mutane ne ke tafiya a jere, ba sa tsayawa, ba sa waige. Kai za ka shimfiɗa musu katako a kan rami, ka kafa musu tsani, har su kai ƙofa lafiya.

"Ke, mi a wanga?" in ji Baba. "Makafi na? Ba su ganin rame? Ko jakina ya fi su hankali. Kawo nan!"

Na ɗora masa wayar a gwiwa. Da babban yatsan hagu ya riƙa jan katako yana yi musu faɗa, ya ƙetarar da su mataki bayan mataki. Ni dai na san abin da ke gaba. Akwai wurin da sai ka danne katako da yatsa ɗaya, ka jawo tsani da wani yatsan a can ɗaya gefen. In ka saki katakon, kowa ya zube.

Muka iso wurin. Ya danne katakon, ya nemi tsani, ya gane sai da ɗayan hannun. Mutanen suka taka har ƙarshen katakon suka zuba rami gaba ɗayansu.

"Maido su," ya ce.

Na maido su. Suka sake tahowa, tiƙis-tiƙis. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ina kallon hannun daman nan a kan cinyarsa, yana 'yar rawa, ya ƙi tashi. Wayyo Allah! Na ce a raina yau na gama kunyata tsohon nan, ba zai ƙara yarda ya gwada komai ba. Na farkonsu ya kusa bakin rami. Na kasa daurewa, na kai yatsa zan jawo masa tsanin.

Tas! Ya make mini hannu.

"Wa ya aike ki? Bar min abuna!"

Bayan hannuna ya ɗauki zafi. Na dubi wayar. Babban yatsansa na hagu na nan danne da katako, bai ɗaga ba. Shi ma ya duba, sannan ya dubi hannunsa na dama da ya make ni da shi. Mutanen suna ta zuba rami babu mai kula su.

Na miƙa masa hannun, hawaye na zubo mini.

"Baba, don Allah ƙara."